Bulgariya ta ajiye lefa ta ɗauki Yuro: riba aka ci ko gona aka sayar?

Likitan_Gobe:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin tattalin arziki a cikinmu, don abin ya tsaya mini a rai. Shekarata ta biyar ke nan ina karatun likita a Plovdiv, birni na biyu a girma a Bulgariya. Tun ranar 1 ga Janairun 2026 ƙasar nan ta ajiye kuɗinta, lefa, ta koma kashe Yuro, ta zama ta 21 a jerin masu amfani da shi. Duk watan Janairu kuɗin biyu tare suka yi ta yawo, ka biya da lefa a ba ka canji da Yuro. Wata safiya na tsaya bayan wata tsohuwa a shagon burodi. Ta zazzage sulalla a tafin hannunta, tsofaffi da sababbi a cakuɗe, ta miƙa wa mai shago hannun gaba ɗaya ta ce ya ɗebi haƙƙinsa. Ko ƙirgawa ba ta yi ba. Da ta juyo ta ga ina kallonta sai ta ce mini wannan ne karo na uku da ake canza mata kuɗi tana raye, kuma ba ta taɓa ganin ya ƙaru ba.

To ga tambayar. Ƙasar nan ta fita daga mulkin gurguzu a 1989. Sai a 2007 ta shiga Tarayyar Turai, sai kuma bayan wasu shekaru 19 ta sami Yuro. Har yau ita ce kurar baya a Tarayyar wajen arzikin kowane mutum, kuma jama'arta sun ragu daga kusan miliyan 9 zuwa miliyan 6 da rabi. Wannan doguwar tafiya riba ce, ko dai gona aka sayar aka sayi riga?

Gwanki77:
Wa alaikumus salam. Ni da farko lefe na karanta, har na ce yau ga ƙasar da ta soke lefe, mu haɗa kaya mu koma.

Maman_Ilham:
Gwanki Allah ya shirye ka. Likita, mu muna Varna, maigidana ma karatu ya kawo shi. Ni dai abin da na sani shi ne kwandon cefane. Tun watan Agustan 2025 aka tilasta wa shaguna su rubuta farashi biyu, na lefa da na Yuro, wai don kada a cuci mutane. Manyan kantuna sun bi lissafin daidai, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma ƙananan abubuwa fa? Injin sayar da kofi da ke bakin layinmu lefa ɗaya yake karɓa, wato kamar santi 51. Yanzu santi 60 ne. Mai aski ya ƙara, mai wankin mota ya ƙara. Kowa ya ɗan cika lissafin zuwa sama, ba wanda ya cika zuwa ƙasa.

Gwanki77:
Ai tunda sunan garin Varna, dole a yi ɓarna.

Baba_Injiniya:
Likita, ɗana, tambayarka ta tayar mini da tsohon miki. Na zo Sofiya, babban birnin ƙasar, karatun injiniya a 1986, zamanin Todor Zhivkov, wanda ya shekara 35 yana mulki. Ina nan aka sauke shi ranar 10 ga Nuwamban 1989, kwana ɗaya bayan an buɗe katangar Berlin. Na gama karatu na kama aiki a wata masana'anta, ban bar ƙasar ba sai 1998. Don haka ni ganau ne.

Ku da kuka zo yanzu ba za ku gane me ya sa dattawan ƙasar nan suke tsoron kuɗi ba. A farkon 1996 dala ɗaya tana kusan lefa 70. A Fabrairun 1997 ta kai wajen lefa 3,000. Bankuna sama da goma sun durƙushe da ajiyar mutane a ciki. Aka yi ƙarancin alkama, a ƙasar da noman alkama ne abin alfaharinta, muka riƙa bin layin burodi tun kafin gari ya waye cikin sanyin da ke tsaga ƙashi. Ranar da aka biya mu albashi ba gida muke nufa ba, gudu muke zuwa rumfar 'yan canji, don abin da za ka saya da safe ba za ka same shi da yamma a wannan farashin ba. Akwai watan da na lissafa albashina bai kai dala 15 ba, ni injiniya. Maƙwabcina tsohon malamin makaranta ne, kuɗin da ya tara shekara da shekaru don ya saya wa ɗansa gida, a ƙarshe firji na hannu ya saya da su, yana dariya hawaye na zuba.

Ranar 10 ga Janairun 1997 jama'a suka kewaye majalisar dokoki har wasu suka kutsa ciki. Aka yi ta zanga-zanga kusan wata guda, sai ranar 4 ga Fabrairu jam'iyyar 'yan gurguzun ta haƙura da kafa sabuwar gwamnati, aka yi zaɓe a Afrilu, Ivan Kostov ya hau. Wanda ya ga wannan, in ka ce masa an ƙara santi tara a kofi, zai ce maka ka gode wa Allah.

Maman_Ilham:
Baba Allah ya ƙara girma. Ban yi musu ba. Amma mai cefanen yau da na yau yake ji.

Malam_Tattali:
Labarin Baba shi ne mabuɗin maganar. Ina ganin akwai kuskure a yadda aka gina tambayar, domin an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne: daidaituwar kuɗi da shiga Tarayya.

Abin da ya tsayar da lefa ba Tarayyar Turai ba ce. Ranar 1 ga Yulin 1997, da goyon bayan Asusun Ba da Lamuni na Duniya, Bulgariya ta ɗaure kuɗinta a jikin kuɗin Jamus na lokacin, mak, lefa 1,000 a kan mak ɗaya. Kuma ba ɗauri na fatar baki ba. Doka ta hana babban banki ya buga ko lefa ɗaya sai yana da kuɗin waje a ajiye da zai fanshe ta, kuma ta hana shi ba gwamnati rance. Wato an karɓe makullin injin buga kuɗi daga hannun 'yan siyasa. A watan Fabrairun 1997 kaɗai farashi ya tashi da sama da kashi 240 cikin ɗari. Zuwa ƙarshen 1998 hauhawar farashi ta shekara ba ta kai kashi 2 ba. A 1999 aka yanke sifiri uku, lefa ɗaya ta zama mak ɗaya, da mak ya narke cikin Yuro sai lissafin ya koma lefa 1.95583 a kan Yuro ɗaya. Wannan adadin bai motsa ba har ranar da aka yi ban-kwana da lefa.

Ma'ana, Bulgariya ta miƙa ikonta a kan kuɗi tun 1997, shekara goma kafin ta shiga Tarayya. Masu kukan an sayar da 'yancin kuɗi a 2026 sun makara da shekara 28. Abin da ya canza yanzu shi ne gwamnan babban bankinsu ya sami kujera a teburin Babban Bankin Turai a Frankfurt. Da ana yanke hukunci yana waje, yanzu yana ciki.

Dan_Konni:
Malam, wanga bayani naka ya yi mini kama da labarin sefa. Mu ma a Nijar an ɗaure mu a jikin Yuro, sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya, ba ta motsi. Tsadar kaya ba ta haukace muna kamar yadda naira ta yi wa 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka ba, gaskiya ne. Amma ina arzikin? Kuma rabin ajiyarmu a baitulmalin Faransa take. In ɗauri shi ne magani, da mun daɗe da warkewa.

Malam_Tattali:
Ɗan Ƙonni, gyara ɗaya: sharaɗin ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa an cire shi ga ƙasashen sefar Afirka ta Yamma a gyaran da aka sanar a Disambar 2019. Amma asalin maganarka tana kan hanya. Ɗauri yana hana kuɗi zubewa ne kawai, ba ya noma kuma ba ya gina masana'anta. Bambancin ku da Bulgariya shi ne abin da ya biyo bayan ɗaurin. Su sun sami kasuwar mutane kusan miliyan 450 ba kwastan, sun sami tallafin biliyoyin Yuro na tituna da noma, kuma ɗan Bulgariya yana iya ɗaukar jakarsa ya je Jamus ya kama aiki ba biza. Ku an ba ku igiyar, ba a ba ku ƙofar ba. Kuma ka tuna Janairun 1994, da aka wayi gari an rage darajar sefa da rabi. Lefa ba a taɓa yi mata haka ba tun 1997.

Dan_Konni:
Na tuna sosai, ina yaro, babana na kawo kaya daga Kwatano. Dare ɗaya jarinsa ya rabu biyu.

Nas_Jamus:
Malam, wannan ƙofar da kake yabo ita ce ta kwashe musu mutane. Ina aikin jinya a wani gari a kudancin Jamus. A sashenmu kaɗai akwai 'yan Bulgariya uku, nas biyu da likita ɗaya. Ƙasarsu ce ta koyar da su, Jamus ke morar su. Tun da aka ɗage musu takunkumin aiki ranar 1 ga Janairun 2014 suke kwararowa. Ɗaya daga cikinsu 'yar wani ƙauye ce kusa da Vidin, can arewa maso yamma, yankin da ya fi talauci. Ta nuna mini hoton layinsu, ta riƙa nuna gidajen da yatsa: wannan suna Sifaniya, wannan suna Italiya, wannan tsohuwar ta rasu an kulle. Makarantar firamaren da ta yi an rufe don babu yara. Mahaifiyarta kuwa in ta tashi ganin likita sai ta shiga mota zuwa birni, alhali 'yarta tana nan tana jinyar tsofaffin wasu. Ku gaya mini, a wane shafin lissafi ake rubuta wannan?

Alkalami_Ja:
'Yar'uwa Nas, ban raina abin da kika gani ba, amma a duba ƙidaya. A 1985 sun kusa miliyan 9. A 2001, shekara shida kafin shiga Tarayya, sun riga sun sauka zuwa miliyan 7.9. A 2011 miliyan 7.4, a 2021 miliyan 6.5. Kenan miliyan guda ya tafi tun ƙofar tana rufe. Kuma ba ƙaura kaɗai ba ce, haihuwa ta yi ƙasa, masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa tun farkon shekarun 1990. Dubi Moldoba da Sabiya da Albaniya, ba su shiga ba, su ma mutanensu na ta raguwa. Wanda zai tafi zai tafi. Bambancin shi ne ɗan Bulgariya yana tafiya da takarda, yana da haƙƙin ma'aikaci, ba a ɓoye yake wanke kwanuka ba.

Nas_Jamus:
Na yarda da adadin. Amma likitan da zai sha wahalar biza da tantance takardu sau da yawa haƙura yake ya zauna. In aka ce takardarsa ta Sofiya tana aiki a Munich kai tsaye, me zai riƙe shi? Mafi ƙarancin albashi a Bulgariya a 2025 lefa 1,077 ne, wajen Yuro 550. Ba sai na faɗa muku na nan ba.

Abu_Sumayya:
Akwai abin da ba a taɓo ba a wannan raguwar. A 1984 zuwa 1985 gwamnatin Zhivkov ta tilasta wa Turkawan ƙasar, Musulmi, su canza sunayensu zuwa na Bulgariya, aka hana magana da Turkanci a bainar jama'a, aka takura wa al'amuran addini. A bazarar 1989 sama da mutum 300,000 suka tsallaka Turkiyya cikin 'yan watanni. Bayan faɗuwar gwamnatin aka mayar wa mutane sunayensu, kuma a 2012 majalisar ƙasar ta yi Allah wadai da abin a hukumance. Kare haƙƙin tsiraru yana cikin sharuɗɗan Kopenhagen na 1993 da ake gindaya wa duk mai son shiga Tarayya. Don haka ga Musulmin ƙasar, waɗanda sun kai kusan ɗaya cikin goma, neman shigar nan ya yi musu garkuwa. Likita, kuna samun Juma'a lafiya a can?

Likitan_Gobe:
Lafiya lau Malam. Masallacin Jumaya yana tsakiyar birnin Plovdiv, tun zamanin Usmaniyya, kusa da kangon filin wasan Rumawa. A nan muke sallah da Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan. Sai dai a 2016 an kafa dokar hana rufe fuska a wuraren jama'a, kuma suna cikin Tarayyar aka yi ta. Garkuwar tana da huji.

Talaka_Bawan_Allah:
Ni duk wannan ba ta dame ni ba. Turkiyya ta nemi shiga tun 1987, har yau tana bakin ƙofa. Bulgariya ta nema a ƙarshen 1995, shekara 11 aka buɗe mata. Wa ya fi wani ƙarfin tattalin arziki a cikinsu? Ƙungiyar Kiristoci ce kawai, a daina wahalar da mu da lissafi.

Alkalami_Ja:
Addini yana cikin zukatan wasu 'yan siyasar Turai, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma Masedoniya ta Arewa fa? Mafi yawansu Kiristoci ne, 'yan takara tun 2005, har sunan ƙasarsu suka canza a 2019 don su faranta wa Girka. Da suka zo shiga tattaunawa a 2020 wa ya tare hanya? Bulgariya, a kan rigimar tarihi da harshe. Wanda ya sha wahalar layi, da ya shiga sai ya zama mai gadi. Ita Turkiyya kuma akwai batun Kuburus, ga yawan jama'a sama da miliyan 80, da ta shiga da ita da Jamus za su riƙa goga kafaɗa wajen yawan ƙuri'a.

Mai_Unguwa:
Jama'a a dawo kan Bulgariya. Wanda ke son maganar Turkiyya ya buɗe nata daban, mun san inda take ƙarewa.

Direban_Tirela:
Salamu alaikum. Ni ɗan Kumasi ne, ina tuƙin tirela a Italiya, ina kai kaya har Romaniya da Bulgariya. Lissafin malamai ban iya ba, amma na san gada. Tsakanin Giurgiu ta Romaniya da Ruse ta Bulgariya akwai gada a kan kogin Danube. Kafin 2025 in ka iso nan sai ka kashe inji ka fito da tukunyar gas. Layi kilomita da kilomita. Na taɓa kwana a layin nan da lodin kayan sanyi, ina jin injin firjin yana cin mai, maigida yana ta kira kamar ni na riƙe iyakar. Direbobi mu dafa shayi a gefen taya, ɗan Bulgariya ya kawo cuku, ɗan Turkiyya ya kawo zaitun. Duka ƙasashen biyu suna cikin Tarayya tun 2007, amma ba a sa su a Shengen ba, wato yankin da ake tsallaka iyaka ba tare da bincike ba. A Disambar 2022 Ostiriya da Holan suka hana. Sai Maris 2024 aka buɗe ta jirgin sama da na ruwa, ta ƙasa kuma 1 ga Janairun 2025. Yanzu in ba gyaran gada ya tare ka ba, kuɗin gada ka biya ka wuce. Duk wanda ya ce ba riba, ya zo in ba shi kujerar yaron mota.

Gwanki77:
Direba, gaskiya ne wai in ɗan Bulgariya ya girgiza kai yana nufin e?

Direban_Tirela:
Wallahi gaskiya ne. Ranar farko na tambayi mai gadi ko in ajiye mota a nan, ya kaɗa kai gefe da gefe, na ja na tafi, ya biyo ni da gudu yana ɗaga hannu.

Baba_Injiniya:
Hakan ya faru da mu duka. Tunda an ɗan saki jiki, bari in gaya wa yaranmu abin da ƙila ba su sani ba. Babban ɗakin wasannin ƙasa da ke Iganmu a Legas, wanda aka yi bikin FESTAC na 1977 a ciki, kamfanin Bulgariya ne ya gina shi, kuma an kwaikwayi fasalin zauren wasanni na Varna ne. Maman Ilham, in kin wuce ta wajen ki duba, za ki ga ɗan'uwansa. A lokacin injiniyoyinsu suna aiki a Libiya da Iraƙi da Aljeriya, suna ƙera kwamfuta da motocin ɗaga kaya ga duk ƙasashen gurguzu. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe, kasuwar ta tafi da ita. Masana'antar da na yi wa aiki an sayar da ita a arha a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya saya ya kwance injinan ya auna su a kilo. Wannan shi ne ciwon da Kostov bai warke daga zarginsa ba har yau, duk da shi ya tsayar da kuɗi.

Kuma a cikin kuɗin shiga da suka biya akwai tashar nukiliya ta Kozloduy. An sa su rufe injina huɗu daga cikin shida, biyu a ƙarshen 2002, biyu a daren 31 ga Disambar 2006, sa'o'i kaɗan kafin su zama 'yan Tarayya. An ce tsofaffin ƙirar Sobiyet ne, ba su da aminci. Abokaina injiniyoyi har yanzu suna rantsuwa na uku da na huɗu lafiyarsu ƙalau bayan gyaran da aka yi musu. Kowa ya ci ladan kuturu dai ya san sauran.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Ni aikin binciken kuɗi nake yi, don haka inda idona ya fi zuwa daban ne. Sharuɗɗan shiga Yuro a rubuce suke: giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, bashi kada ya wuce kashi 60, hauhawar farashi ta zauna kusa da ta ƙasashen da suka fi kowa daidaito, sannan a yi aƙalla shekara biyu a ɗakin jira, wato lokacin gwaji da kuɗin ƙasa zai riƙa bin darajar Yuro. Bulgariya ta shiga ɗakin jiran a Yulin 2020 tare da Kuroshiya. Kuroshiya ta wuce a 2023, ita kuwa hauhawar farashi ta riƙe ta. Bashinta kuwa bai kai kashi 30 ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a Tarayyar, alhali Faransa da Italiya da Girka duk sun haura 100. A takarda ɗaliba ce ta gari.

Amma takarda ba ta nuna alƙali. A 2008, shekara ɗaya da shigarsu, Hukumar Tarayyar ta dakatar da tallafin ɗaruruwan miliyoyin Yuro saboda almundahana. An sa su da Romaniya ƙarƙashin sa-ido na musamman kan shari'a da cin hanci tun 2007, ba a rufe shi ba sai 2023. A 2014 banki na huɗu a girma a ƙasar ya rushe. A 2021 Amurka ta sa wa Delyan Peevski takunkumi kan cin hanci, kuma bai fasa zama jigo a majalisa ba. Daga Afrilun 2021 zuwa Oktobar 2024 zaɓen majalisa bakwai aka yi. Sannan gwamnatin Rosen Zhelyazkov, wadda ta kai su bakin Yuro, ta yi murabus a Disambar 2025 bayan zanga-zanga, saura makonni uku a fara kashe shi. Kafin ka shiga, Birasels, hedkwatar Tarayyar, tana da sanda a hannu, kana gyara don tsoron a bar ka a waje. Da ka shiga sandar ta gajarce. Shi ya sa nake ganin gyaran kuɗi ya kama, na hukuma bai kama ba.

Malam_Tattali:
Hajiya kin faɗi abin da ya fi nawa nauyi. Zan ƙara kawai cewa ko a wannan rikicin na zaɓe har sau bakwai ba wanda ya taɓa dokar 1997. 'Yan gurguzu sun yi mulki, tsohon sarkinsu Simeon ya dawo ya zama firaminista a 2001, Boyko Borisov ya yi zamaninsa, kowa ya zagi na gabansa, amma ba wanda ya kusanci igiyar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ajantina ta yi irin wannan ɗaurin da dala a 1991, amma ta ci gaba da cin bashi, ya tsinke mata a farkon 2002. Istoniya da Lituwaniya sun yi shi suka riƙe har suka shiga Yuro a 2011 da 2015.

Talaka_Bawan_Allah:
To in abin alheri ne me ya sa aka ƙi tambayar talakawa? Shugaban ƙasa na lokacin, Rumen Radev, da kansa ya nemi a yi ƙuri'ar raba gardama a Mayun 2025, aka ƙi. Kuma Polan da Cek da Suwidin suna cikin Tarayya, sun riƙe kuɗinsu, sun mutu ne? Ku tambayi Girka abin da ta gani daga 2010.

Alkalami_Ja:
Wannan karon ina tare da kai rabi. Jama'ar ƙasar sun rabu kusan biyu a kan Yuro, kuma ƙin tambayarsu ya ba jam'iyyar Vazrazhdane, mai kusanci da Rasha, abin yin ganga. Hujjar masu ƙi ita ce yarjejeniyar shiga da aka sa wa hannu a 2005 ta riga ta wajabta karɓar Yuro. Amma Polan kuɗinta yana yawo ne da kansa, in ta bar shi ta yi asarar wani abu. Bulgariya me za ta rasa ban da hoton da ke jikin takarda? Girka kuwa bashi ne ya kayar da ita, Hajiya ta riga ta faɗi na Bulgariya.

Maman_Ilham:
Hoton ma ba su rasa duka ba. A bayan sulallan akwai waliyyinsu Ivan na Rila da mahayin dokin da aka sassaƙa a dutsen Madara, kamar yadda yake a tsofaffin. Ilham ta tara guda-guda a gwangwanin madara, ta hana a taɓa.

Dan_Konni:
Ni dai abin da na ɗauka, su shekara 36 sunka yi suna bin hanya ɗaya, gwamnati ta faɗi wata ta hau ba a juya ba. Mu kuɗin Eco, na bai-ɗaya na Afirka ta Yamma, tun yaushe ake ɗage shi, yanzu an ce 2027, ga shi mun ma fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025. Ban ce wa ke da gaskiya ba, kada Mai Unguwa ya kore ni.

Mai_Unguwa:
Ka tsira da kyar.

Likitan_Gobe:
Na gode ƙwarai, musamman Baba da Malam da Hajiya. Jiya na karanta wa abokin karatuna ɗan ƙasar abin da Baba ya rubuta, ina fassara masa. Ya ce kakarsa har yanzu tana da damin tsofaffin takardun lefa na kafin 1999 a cikin akwatin ɗinki, ba su sayen ko ashana. Na tambaye shi to shi yana ganin riba ce? Ya ce ba shakka, ba don Tarayya ba da babansa bai sami kasuwar kayan gyaran motar da yake aikawa Jamus ba. Sai na ce to in mun gama a ina zai yi aiki. Ya ce ya riga ya fara koyon Jamusanci.

Nas_Jamus:
Ka ce masa sashenmu na neman likitan ciki.

Baba_Injiniya:
Ɗana, in ka sake zuwa Sofiya ka ɗauko mini hoton Kasuwar Mata, ta kusa da masallacin Banya Bashi. A nan muke sayen barkono da rago. Ina so in ga ko rumfunan suna nan, kuma ka duba mini nawa kilon tumatir yake da sabon kuɗin.